'Yar Rawaya Sau Uku

Alder Flat, Janairu

Zuwa ga Yayana Eliseo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma sojojin nan ba su kashe ka da gudu ba. Mama ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Baba yana gonar tuffa yana datse rassa, kullum ya dawo hannuwansa a tsage don sanyi. Tunda sun karɓe maka waya har ka gama horo, sai dai in riƙa rubuto maka, kuma ni hakan ya fi min. Ka san ni da nauyin baki.

Yaya, sun cire ni daga ajin kiɗa.

Ga yadda aka yi. Makarantarmu ba ta yi kyau ba a jarrabawar jiha ta bara. A dunƙule ta ci, amma jiha ba a dunƙule take dubawa ba, rukuni-rukuni take raba mu. Rukuni uku sun faɗi a lissafi: 'yan Latino irinmu, masu asali daga ƙasashen kudu, da masu cin abincin rana kyauta, da masu koyon Turanci. An ce idan suka sake faɗuwa bana, jiha za ta turo mutanenta su zauna wa makarantar a wuya. Shi ne da muka dawo hutu aka yi mana gwaji, aka raba mu launi-launi. Kore su ne waɗanda za su ci. Ja su ne waɗanda suka yi nisa ƙasa. Rawaya su ne masu saura ƙiris. Ni rawaya ce.

Ranar Litinin ina cikin haɗa sarewata aka aiko kirana ofishin Malam Pruitt, mataimakin shugaban makaranta, wanda kake cewa kansa kamar ƙwai. Ya miƙo min kwanon alewa, ya ce, "Noemi, albishirinki! An zaɓe ki. Daga gobe a darasi na shida za ki riƙa zuwa wurin Malama Odom, ƙarin lissafi. Kin ji daɗi ko?"

Darasi na shida shi ne kiɗa. Na ɗauki alewa ɗaya. Sai na gyaɗa kai. Har na gode na ce masa, Yaya. Na gode!

Akwai abin da ban gaya wa kowa a gida ba. Kafin hutu Malama Halvorsen, malamar kiɗa, ta ba ni wani wuri a waƙar bikin ƙarshen Afrilu. Kowa zai yi shiru, har masu ganga, in busa ni kaɗai. Ni da ko karatu a gaban aji ba na iyawa. Ta ce ba ruwanta da bakina, kunnena take so. Bikin ya zo daidai da lokacin da za a ba ka hutu, na so ka zauna kawai ka ji ba tare da ka sani ba. Yanzu ga shi na faɗa, tunda ban san ko zai yiwu ba.

Ka rubuto da wuri. Allah ya tsare min kai.

Ƙanwarka,
Noemi

*

Sansanin horo, Janairu

Ke Ɓera,

Gaisuwa. Ina raye. Sun aske min kai tas, yanzu ni ma ƙwai ne, kada ki gaya wa Pruitt. Ki ce wa Mama ina ci, amma abincin nan ko barkono bai taɓa gani ba. Ina mafarkin miyar masararta.

Wai alewa ya ba ki? Ni a irin wannan lissafin ja ne tun daga aji shida har na bar makarantar, babu wanda ya taɓa kirana ofis ya ba ni ko ɓawon alewa. Kin zama babbar mutum.

To saurara. Gwajin nan ba sau ɗaya ake yi ba, za a sake kafin jarrabawar jiha. Ki koma wurinsa ki ce, "In na zama kore, zan koma kiɗa?" Magana ɗaya ce tak. Ki rubuta a tafin hannunki in kina tsoro. Ni nan kullum wani ƙato yana min ihu a fuska har yawunsa na shiga idona, ban mutu ba. Pruitt ba zai cinye ki ba.

Busawa ke kaɗai? Ke? Ɓeran gidanmu? Wallahi ko da rarrafe zan zo. Kada ki bari su karɓe.

Lokacin rubutu ya ƙare. Ki gaida Baba, ki ce ya sa safar hannun da na bar masa.

Yayanki,
Eliseo

*

Alder Flat, Fabrairu

Zuwa ga Yayana Eliseo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Baba ya ce safar ta yi masa yawa, amma yana sawa.

Na yi yadda ka ce. Na rubuta a hannu, gumi ya goge rabi, amma na faɗa. Ya ce, "Ki zama kore a gwajin ƙarshen wata, sai mu duba." Na fito na koma aji.

Ɗakin Malama Odom da can wurin ajiye kujeru ne, ba shi da taga. Kuma jikin ɗakin kiɗa yake. Ina zaune ina raba lambobi, ina jin su ta bango. Idan suka zo wurina a waƙar sai su yi shiru su ƙirga, su wuce. Shirun nan ya fi komai ci min rai.

Ita Malama Odom ba ta da laifi, tana kawo mana lemo daga gidanta. Rannan na gama aiki da wuri, ta dafa kafaɗata ta ce, "Yauwa 'yata. Ke fa zinariya ce a wurinmu, ke ɗaya uku ce." Ban gane ba, sai ta yi min bayani. Ina cikin 'yan Latino, ina cikin masu cin abinci kyauta, kuma ina cikin masu koyon Turanci. In na ci, rukuni uku sun tashi. Na ce mata a hankali ai ni a asibitin garin nan aka haife ni, kuma tun aji huɗu na bar ajin koyon Turanci. Ta ce e, amma ana ci gaba da lissafa mutum a ciki na wasu shekaru. Ta faɗa tana murmushi, kamar kyauta ta ba ni.

Ka tuna Dariela, ƙawata mai buga ƙaramar ganga? Ita ja ce, don haka an bar ta a kiɗa. Da muna cin abinci na ba ta labari, ta ce, "Ke dai sakarya ce. Ranar gwaji ki zaɓi amsa ta uku daga sama har ƙasa, ki faɗo ja, ki dawo cikinmu."

Na ce, "Da gangan?"

Ta ce, "To da me? Mu ja babu mai damunmu. Mun mutu, an binne, an yi addu'a. Zo ki ji daɗin kabari." Ta yi dariya, amma ba ta ƙarasa abincinta ba.

Na yi tunanin abin sosai, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba zan iya kallon Malama Odom ba in na yi haka. Gara in bi ta sama.

Malama Halvorsen ta tare ni a baranda. Ta ce za ta riƙe min wurin har farkon Maris, bayan nan dole ta ba Colton, don ba a koyon waƙa da kujera babu kowa. Colton yana busa sarewa kamar mai hura gawayi.

Mama ta koma aikin dare a wurin shirya tuffa, da rana barci take, ba na iya busawa a cikin gida. Sai in shiga tsohuwar motar Baba da ta mutu a bayan gida in rufe ƙofa. Sarewar tana manne min a leɓe don sanyi. Lissafi kuwa har a banɗaki nake yi.

Ka yi min addu'a. Allah ya ba ka sa'ar harbin da ka ce za a gwada ku.

Ƙanwarka,
Noemi

*

Alder Flat, Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ban jira amsarka ba, don in ban rubuta ba zan fashe.

Na zama kore. Ba da ƙiris ba ma, na wuce layin sosai. Malama Odom ta rungume ni. Washegari na ɗauki sarewata na nufi ɗakin kiɗa, har na kama hannun ƙofa, sai ga Malam Pruitt.

Ya ce, "Ga tauraruwarmu! Ina zuwa haka?"

Na ce, "Kiɗa, Malam. Na zama kore."

Ya ce, "Ai shi ne. Kin ga shirin yana aiki kenan. Wa zai daina shan magani don ya fara jin sauƙi? Ki daure har a yi ta jiha."

Na ce, "Ka ce..."

Ya ce, "Na ce mu duba. Ga shi mun duba." Ya juya ni da kafaɗa kamar keken tura kaya a kanti, ya raka ni har ƙofar Malama Odom.

Kuma ka san wani abu? Brody, wani yaro da muke ƙarin lissafi tare, shi ma ya zama kore, maki ɗinsa bai kai nawa ba, an sake shi ya koma ajin zane. Shi ɗaya ne tak, ba ya cikin rukunin kowa. Ni da nake uku, ba a sake ni.

Dariela ta ce, "Ban gaya miki ba? Saniyar da ta fi ba da madara ita ake ɗaurewa kusa da gida." Na ce ta rufe min baki. Ban taɓa ce wa kowa haka ba. Ta dube ni ta ce, "Iye! Ɓera ta yi haƙori."

Na gaya wa Mama ta je ta yi magana. Tana jiƙa ƙafafunta a ruwan zafi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malamai sun fi mu sani, 'yata. Busa ba ta biyan haya. Kada ki jawo mana ido."

Malama Halvorsen ta je ofis da kanta, ta fito fuskarta ja. Ta ce za ta ɗan ƙara jira, amma ba ta yi alkawari ba.

Akwai wata Paisley da ke busa ƙaho. Ita ba ta da launi ko ɗaya. Na tambayi Dariela dalili, ta ce uwarta ce ke rubutowa duk shekara cewa 'yarta ba za ta zauna jarrabawar jiha ba, kuma doka ta yarda. Ranar jarrabawa a ɗakin karatu take zama tana cin biskit. Wai kowane uba ko uwa na iya yin haka, mu ne dai ba a gaya wa namu iyayen ba. Kuma wanda bai zauna ba, kamar ya faɗi ake lissafa wa makaranta. In ni ce, faɗuwa uku kenan.

Tun da na ji ban daina tunani ba. Amma Mama ba za ta taɓa sa hannu ba.

Ka ce wani abu. Allah ya kare.

Noemi

*

Sansanin horo, Maris

Noemi,

Gaisuwa. Wasiƙunki biyu tare suka zo. Na karanta ta biyun na daki gado, aka sa ni tsallen kwaɗo. Ba komai, Pruitt na riƙa hangowa.

Ni na ce ki bi ta sama, kin bi, sun cuce ki. Ki yi haƙuri da shawarata.

Gaskiyarki, Mama ba za ta yi faɗa da makaranta a kan sarewa ba. Amma kin gaya mata har yanzu suna lissafa ki cikin waɗanda ba su iya Turanci ba? Kada ki yi mata dogon bayani na rukuni da launi. Wannan kaɗai za ki faɗa, ki ja baya ki tsaya. Na fi ki daɗewa da matar nan.

Sai dai ki sani, in kika ɗauko wannan sanda, kowa a ofis zai san sunanki, kuma ba da alewa ba. In za ki iya, ina bayanki. In ba za ki iya ba, za ki busa min a motar Baba, ni kaɗai ma taro ne.

Na ci gwajin harbi. Ki gaya wa Baba.

Yayanki,
Eliseo

*

Alder Flat, ƙarshen Maris

Zuwa ga Yayana Eliseo,

Gaisuwa, da barka da cin harbi. Baba ya gaya wa duk mutanen coci, har waɗanda ba su tambaya ba.

Kai maye ne. Ranar Lahadi Mama tana murza ƙullun masara na faɗa mata. Ta tsaya cak.

Ta ce, "Wa bai iya Turanci ba?"

Na ce, "Ni. A takardunsu."

Ta ce, "Ke? Ke da kike fassara min a asibiti tun haƙoranki ba su gama fita ba? Ke da kika yi magana da mai gidan haya a waya har ya zo ya gyara bututu? Su wa suka rubuta? Ya zo nan ya faɗa a gabana, mai kan ƙwan!"

Baba ya ce, "Ofelia, a hankali."

Ta ce, "Kai ci abincinka." Ta goge hannu a zane ta ce in rubuta duk abin da uwar Paisley take rubutawa. Ta sa hannu da ƙarfi har biro ya huda takardar.

Ban miƙa ba. Na san in na shiga ofishinsa bakina zai mutu, don haka na rubuta masa wasiƙa na tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ga kwafinta. Kada ka yi dariya.

Ƙanwarka,
Noemi

*

Zuwa ga Malam Pruitt,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya. Ni ce Noemi Barragan ta aji bakwai. Na rubuto ne don ba na iya magana a ofis.

Ka ce in zama kore, na zama. Brody ya zama kore an sake shi, ni ba a sake ni ba. Na san dalili, Malama Odom ta gaya min ni uku ce. Amma a gida ni ɗaya ce, kuma sarewata ɗaya ce.

Mahaifiyata ta sa hannu a takarda cewa ba zan zauna jarrabawar jiha ba. Takardar tana wurina. Ba na so in miƙa ta, don na sha wahalar lissafin nan kuma ina son Malama Odom. In ka mayar da ni ajin kiɗa duk mako, zan zauna, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina. Zan ci gaba da lissafi a gida, za ka iya tambayar Malama Odom ko ina cika alkawari.

Don Allah ka amsa da wuri, saboda Malama Halvorsen ba za ta iya jira ba.

Na gode. Ka huta lafiya.

Ɗalibarka,
Noemi Barragan

*

Ofishin Mataimakin Shugaba, Afrilu

Zuwa ga Noemi,

Ina gaishe ki da iyayenki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, sai da kwamitin ci gaban makaranta ya zauna.

Na yi mamakin wasiƙarki, ban san ki da irin wannan ba. Ina so ki gane babu mai neman cutar da ke. In rukunan nan suka sake faɗuwa, mutanen jiha za su zo, kuma abin da suke fara yankewa shi ne kiɗa da zane, na kowa da kowa. Ni ma ba na barci a kan wannan.

Kwamiti ya amince ki koma kiɗa ranar Talata da Alhamis. Sauran ranakun za ki ci gaba da zuwa wurin Malama Odom har a gama jarrabawa. Wannan shi ne iyakar abin da za mu iya. Batun wanda zai busa me a biki, wannan na Malama Halvorsen ne.

Muna alfahari da ke, kuma muna sa ran ganin ki a jarrabawar karatu da ta lissafi.

Naki,
G. Pruitt

*

Alder Flat, Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Mama ta sayo naman miyarka tun yanzu.

Ga amsarsa na haɗo maka. Kafin kwamitinsa ya zauna, Malama Halvorsen ta riga ta ba Colton wurin. Ta ce min ta jira har ta kasa. Ranar Talata na koma, aka sa ni a layin baya. Da aka zo wurin, kowa ya yi shiru, Colton ya busa. Ya gyaru, abin haushin. Yatsuna suna ta tafiya a kan sarewa su kaɗai.

Jarrabawar biyu ce. Na zauna ta karatu, na yi da gaske. Ranar lissafi na miƙa takardar Mama a ofis, aka kai ni ɗakin karatu kusa da Paisley. Pruitt ya ba ni rabi, na ba shi rabi.

Na zata zan ji daɗi. Malama Odom ta wuce ta bakin ƙofa da kwalin fensir, ta gan ni, ta tsaya kaɗan, ta tafi. Paisley ta miƙo min biskit, na ajiye shi a gefe ban ci ba. Kuma na san zan ci lissafin nan, Yaya. Na san zan ci.

Biki ranar Juma'a ta sama. Ka zo duk da haka. Ka zauna ta hagu, daga can ake ganin layin baya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Noemi